Sharar Kano ba irin ta Turai ba ce

Tun da gwamnatin jihar Legas ta sa hannu a 2024 kan yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Holland domin gina tashar da za ta mayar da shara wutar lantarki, wasu masu sharhi a Arewa suka dage cewa Kano ma ta bi sahu, wai da haka za a rabu da bola da kuma duhu a lokaci guda. Masu wannan magana ba su tsaya sun tambayi yadda tashar ke aiki ba.

Motoci kan juye shara a wani katafaren rami, ƙugiya ta ɗebo ta zuba a tanderu, inda dokar Tarayyar Turai ta wajabta zafin ya kai digiri 850. Wannan zafi ne ke tafasa ruwan da ke cikin bututu, tururin ya juya injin da ke haɗe da janareta, sannan a tace hayaƙin kafin ya fita. Komai ya dogara ne a kan sharar ta ci wuta da kanta. To, wanda ya taɓa leƙa bolar unguwa a Kano ya san abin da ke ciki: yashin da aka share daga tsakar gida, tokar murhu, kashin dabbobi da ragowar abinci, waɗanda da damina suke jiƙe sharkaf. Robobin da za su ci wuta kuwa, 'yan bola sun riga sun tsince su sun sayar, ruɓaɓɓen kuma manoman kewayen birni sun daɗe suna kwasa a matsayin taki.

Ana yawan kafa hujja da tashar Reppie ta Addis Ababa, wadda aka buɗe a 2018 bayan zaftarewar bolar Koshe ta kashe mutum fiye da 100 a 2017. Ba a cika faɗin cewa tashar, da aka tsara za ta ƙona tan 1,400 a kullum, ta tsaya cak jim kaɗan bayan bikin buɗe ta ba. Su kuwa masu nuna mana Sweden, su tuna cewa daga ƙasashen waje take shigo da shara don ciyar da tanderunta.

Kamata ya yi REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ta fara iya kwashe sharar da ke toshe magudanan ruwa, a ware mai ruɓewa a yi taki da ita, a kuma auna abin da ya rage na tsawon shekara guda, rani da damina, kafin wani gwamna ya ciyo bashin gina tanderu.