Saura ƙiris in ci Nobel

Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Sati uku ina fama da wasu siraran wayoyin silikon da ake kira nanowaya, kaurin kowacce kamar nanomita 50 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ko a maikroskof sai ka yi ta ƙifta ido kafin ka hango inuwarta. Aikin dai shi ne ka haska mata koriyar leza mai tsawon zangon haske nanomita 532 ka tattara ɗan hasken da ya tarwatso ya sauya launi, abin nan da wani masanin kimiyya ɗan Indiya mai suna Raman ya gano a 1928 har aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Na'ura ce ke zana giraf na yadda launin ya sauya, shi silikon in lafiyarsa ƙalau a lamba 520 tsininsa ke fitowa a giraf ɗin, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan.

To ran nan cikin dare ni kaɗai a lab sai ga wani tsini siriri kamar allura a wajen 484. Na canza waya yana nan, na sake canzawa yana nan daram, kai jama'a ban yi barci ba, har na fara tunanin rigar da zan sa ranar karɓar kyauta.

Da sassafe na je na tarbo malam, na ce ranka ya daɗe zo ka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ya dubi kwamfuta, ya ɗaga kai ya dubi silin, bai ce uffan ba ya taka ya kashe wutar ɗakin ya ce "sake aunawa". Tsini ya yi ɓatan dabo. Ashe doguwar fitilar nan ta silin ce, zaibar da ke cikinta tana fidda haske a nanomita 546, in ka lissafa da lezar 532 daidai nan yake faɗowa, ni kuma na bar murfin na'ura a buɗe da wuta a kunne don gaskiya ba na shiri da duhu.

Haushi ya sa yana fita na ƙure ƙarfin leza wai in samu sigina mai kyau. Sai na ga 520 ɗin ma yana ja baya yana ƙara faɗi, zuciya ta ce to ga na gaskiyan ya zo! Na manta waya siririya haka ba ta da inda za ta zubar da zafi, gasa ta kawai nake yi. Na leƙa maikroskof, babu waya sai ɗan baƙin tabo, kuma ita ce wadda malam ya ce in lallaɓa.