Yaro ba ya gano abin da ba a haska masa ba

Jiya na ajiye baho cike da ruwa a gaban 'yan aji uku, na zube ƙusa da guntun katako da dunƙulen yumɓu, na ce su faɗa mini wanne zai nitse. Nan take suka yanke hukunci: mai nauyi ne zai tafi ƙasa. Sai ga ƙusa ta nitse, katakon da ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba yana lilo a sama. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan nan son kai yake yi."

To, a nan aikina ya fara. Da na bar su da bahon har a tashi, riguna kawai za su jiƙa. Na tsamo yumɓun, na fafe shi kamar kwale-kwale, ya zauna a kan ruwa, sannan na yi musu bayani dalla-dalla. Sun saurara kuwa, domin tambayar ta riga ta kama su.

Masu cewa a bar yaro ya gano komai da kansa sukan jingina da John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896, da Maria Montessori da ta fara tata a birnin Rum a 1907. Amma ita Montessori ai sai malama ta nuna wa yaro yadda ake amfani da kayan aiki kafin ta ja gefe. Kuma a wani babban gwaji na kwatanta hanyoyin koyarwa a makarantun Amurka, mai suna Follow Through, da aka soma a ƙarshen shekarun 1960, tsarin Siegfried Engelmann na koyarwa kai tsaye ne ya yi zarra a karatu da lissafi.

Ni dai ban ga yaron da zai zauna ya gano sautin harafin "b" ba. Mutane ne suka yarda a kansa, dole a faɗa masa, a maimaita, ya rubuta har hannu ya faɗa. Haka jadawalin sau. Ɗan firamare ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda. In ka jibge masa nema da fahimta tare, ya tashi a tutar babu.

Sai dai mu ma masu alli muna da laifinmu. Malami ya cika allo, yara su yi ta amshi, a kira shi darasi.

Gobe zan kai musu lemo biyu, ɗaya da ɓawo, ɗaya ɓararre. Ba zan ce uffan ba sai sun gama gardama.