Bayan an naɗe rumfa, wa zai sake auna Baba?

Ranar 19 ga Mayu ce ranar likitocin iyali ta duniya. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, ce ta tsayar da ita a 2010, kuma duk shekara idan ta zagayo wayata kan cika da hotuna daga Jos: rumfuna a filin makarantar firamare, kujerun roba, abokan aikina cikin riguna iri ɗaya, ga dogon layin tsofaffi ana ɗaura musu abin awon jini a hannu. Daga birnin Bradford na Ingila nake kallon hotunan, inda nake aikin likitan iyali yanzu, kuma suna faranta mini rai. Sai dai akwai tambayar da hoto ba ya amsawa. Dattijon da aka auna aka samu jininsa ya haura 180, aka ƙulla masa maganin sati biyu a leda, aka ce "Baba a rage gishiri", wa zai sake auna shi?

Hawan jini ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Shi da ciwon suga abokan zama ne har ƙarshen rayuwa. Maganin ledar nan yana ƙarewa, Baba ya ji garau, ya ce ai ya warke. In ya yi ƙoƙari ya aiki jika kemis da tsohon kwalin, a sayo masa na kwana biyar, daga nan shike nan. Bayan wata takwas a kawo shi asibiti a Keke Napep, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, iyali suna cewa iska ce ta buge shi. Duba marasa lafiya kyauta na yini guda kamar ruwan farko ne na bazara, yana kwantar da ƙura, amma ba a shuka da shi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa likitocin Jos ba su da zuciyar taimako. Wanda ya san garin ba zai faɗi haka ba. A asibitin Jankwano, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, aka kawo ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa a 1969 da zazzaɓin da ba a san shi ba, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. Da cutar ta sake ɓarkewa a 1970, Dokta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa don a gano abin da ke kashe mutane, ita ma ta rasu. Wannan asibitin kuma yana cikin na farko da aka soma horar da likitocin fanninmu a Najeriya, a farkon shekarun 1980. A rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, lokacin da gari ya rabu biyu, kowa ya san unguwar da ba zai taka ba, likitoci da nas-nas sun ɗinke raunin duk wanda aka kawo ba tare da tambayar sunansa ba. Haka ranar bam ɗin kasuwar Taminus a watan Mayun 2014. Kai, bar ma manyan ranaku. Likitan da ke zaune a Gangare ko Unguwar Rogo ba ya tashi aiki. Ana sallame magariba za a yi sallama da shi: "Likita, don Allah ko za ka leƙa Hajiya, tun safe ba ta ci komai ba." Ya je, ya duba, wani lokaci ya cika kuɗin ƙarin ruwa daga aljihunsa. A nan Bradford maƙwabcina bai san aikin da nake yi ba, kuma ko ya sani, hukumar da ke ba mu lasisi ba ta son likita ya riƙa rubuta wa makusantansa magani.

To me likitocin Ingila suka fi mu da shi? Bibiya. Tun da aka kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, kusan kowa a ƙasar nan yana da ƙaramin asibitin da ya yi rajista da shi, kuma fayil ɗinsa yana bin sa duk inda ya koma. Idan na buɗe kwamfuta da safe, ina iya ganin sunan kowane mai hawan jini da ke ƙarƙashinmu, da ranar da aka auna shi ta ƙarshe, da wanda ya daina karɓar magani. Wanda ya ɓace sai a tura masa saƙo, in bai zo ba a kira shi. Ba don mun fi kowa tausayi ake yin haka ba. Tun 2004 akwai yarjejeniyar da ta sa wani kaso na kuɗin da asibiti ke samu ya dogara da wannan bibiyar, kuma ƙungiyar likitoci ta BMA ce ta zauna da gwamnati aka ƙulla ta. Wato abin da muke ɗora wa kirkin likita ɗaya a Jos, su sun mayar da shi aikin da ake biya, ake kuma tambaya in ba a yi ba.

Ba aljanna ba ce. Minti goma ake ba ka da mara lafiya, ko da matsala huɗu ya zo. Ƙarfe takwas na safe layin waya ya cushe, mutane suna rige-rigen samun ganin likita, kuma da wuya mutum ya ga likita ɗaya sau biyu a jere, abin da shi ne asalin aikinmu. A watan Agustan 2024 abin ya ishi likitocin iyali na Ingila har suka fara wani irin bore, inda ƙungiya ta shawarci kowa ya tsaya a marasa lafiya 25 a yini. Na san abokaina da ke sashen duba marasa lafiya na yau da kullum (GOPD) a Jos za su yi dariya in sun ji wannan adadi.

Amma akwai wani salon fafutuka da na gani a nan da nake mana sha'awarsa. A 1971 wani likitan ƙauyen masu haƙar kwal a yankin Wales, Julian Tudor Hart, ya rubuta cewa inda aka fi bukatar kulawar likita nan ne aka fi rashinta. Ba daga ofis ya faɗa ba, daga mutanen ƙauyensa da ya yi shekaru yana aunawa yana rubutawa ne. A 2009 likitocin ƙananan asibitoci 100 da ke unguwannin da suka fi talauci a Scotland suka haɗu suka kafa ƙungiyar da ake kira Deep End. Aikinsu shi ne tattara abin da suke gani kullum su kai gaban gwamnati, su ce ga halin da mutanenmu ke ciki, ga abin da muke bukata dominsu.

Mu kuwa yaushe jama'a ke jin muryarmu? Ranar yajin aiki. Ba na raina wannan gwagwarmaya, domin na san abin da ya haife ta. Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin aiki naira 5,000 ne a wata, ga Lassa, ga tarin fuka, daga baya ga korona. Da ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin nan a 2023 na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar, ƙungiyar likitocin Najeriya (NMA) da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa sun tashi tsaye, kuma sun yi daidai. Matsalar ita ce mai shayin bakin Masallacin Juma'a abin da ya sani game da ƙungiyar likitoci bai wuce cewa su ne masu rufe asibiti idan ba a biya su ba. Bai taɓa jin mun yi faɗa a kansa ba.

Alhali ƙofofin faɗan suna nan a buɗe. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta cika shi ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, Filato kuma tana da tata hukumar, PLASCHEMA. Duk wanda ya shiga inshora yana zaɓar asibitin da zai riƙa zuwa, a riƙa biyan asibitin wani abu a kansa ko ya zo ko bai zo ba. Wannan shi ne tushen rajistar da nake yabawa a Ingila, yana cikin tsarinmu tuni. Wa ya fi cancanta ya bi diddigi ko kuɗin yana isowa a kan lokaci, ko akwai maganin hawan jini a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, in ba ƙungiyar likitocin iyali ta SOFPON ba? Likitan zuciya yana ganin Baba ne bayan ta ɓaci. Mu ne muke ganin sa tun yana tafiya da ƙafarsa.

Sai kuma maganar shi kansa likitan, wa ke riƙe shi. A nan ba zan ba Ingila gaskiya duka ba. A Jos in aka yi maka haihuwa ko rasuwa, kafin ka ankara an haɗa gudummawa a WhatsApp, an cika motoci an zo gaisuwa, Musulmi da Kirista. Ƙarfe biyun dare haihuwa ta zo da gardama, ka kira babbanka kana ba da haƙuri, "Ranka ya daɗe, na tashe ka", ya ce "Bar wannan, jini nawa ta zubar? Ga ni nan." Da mahaifina ya rasu ina nan Bradford, abokan aiki sun ba ni kati, kowa ya sa hannu, an ba ni hutu, an kuma yi mini kirki iyakar yadda suka sani. Amma babu wanda ya taka ya zo gida ya zauna. Abincin rana ma a gaban kwamfuta ake ci, ƙofa a rufe.

Sai dai zumuncinmu yana da inda ya tsaya. Yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, amma ba ya zuwa wurin likitan da damuwa ta danne shi har ya kasa tashi daga gado, ko wanda ya fara yi wa kansa allurar kashe raɗaɗi daga kabad ɗin asibiti. Kowa ya gani, a yi ta raɗa, a ce a sa shi a addu'a, a rufa masa asiri har ranar da asirin zai tonu a kan mara lafiya. A Landan, tun 2008 Dokta Clare Gerada ta jagoranci buɗe wani asibiti na musamman don likitocin da ke fama da irin wannan, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa duk Ingila. Kai da kanka za ka kira, ba sai shugabanka ya sani ba, a yi maka magani ka koma aiki. Bayan wannan, kowace shekara likita yakan zauna da wani ɗan'uwansa likita su duba aikinsa da halin da yake ciki, duk shekara biyar kuma a sabunta masa izinin aiki. Takardun suna da gajiyarwa, amma aƙalla akwai ranar da dole wani ya tambaye ka yaya kake.

Idan kuma kuskure ya faru, labarin Dokta Hadiza Bawa-Garba ya isa misali. A 2011 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a hannunta a Leicester, a ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, kwamfutar sakamakon gwaji ta samu matsala, ita kuma ba ta daɗe da dawowa daga hutun haihuwa ba. Kotu ta same ta da laifin sakaci a 2015, aka soke sunanta daga rajistar likitoci a watan Janairun 2018. Likitoci suka haɗa sama da fam 300,000 aka ɗaukaka ƙara, a watan Agusta aka mayar da ita. Ba su ce ba a yi kuskure ba, kuma baƙin cikin iyayen yaron gaskiya ne. Abin da suka ƙi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya gazawar asibiti guda. A wajenmu ƙaramin likita in irin wannan ta same shi, ko dai a binne maganar iyalan mamaci su tafi da "haka Allah ya ƙaddara", ko 'yan'uwa su rufe shi da duka a bakin gado. Duka biyun babu wanda ya koyi komai.

Na san abin da za a ce: kai da ka tafi, magana ta yi maka sauƙi. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, saura kimanin 55,000, kuma ina cikin waɗanda suka sa nauyin ya ƙaru a kan na gida. Shi ya sa ba zan nemi a ƙara musu aiki ba, canjin fasalinsa nake nema. Kuɗin rumfa da riguna da lasifika na yini guda, a ɗauke shi a riƙe asibitin unguwa ɗaya a Rikkos, ɗaya a Tudun Wada, shekara guda cur. Asabar ɗaya a wata, likitoci biyu bi da bi, da babban littafi mai bango da sunan kowa da awonsa da lambar wayar ɗansa. Masu nemo wanda bai dawo ba ma akwai su: 'yan agajin Izala, wadda a Jos aka kafa ta a 1978, da na sauran ƙungiyoyi sun san kowane gida, zumuntar mata ta coci ma haka. Ƙarshen shekara a ɗauki littafin nan a kai Majalisar Dokokin jiha da ofishin PLASCHEMA, a ce ga mutum nawa muka samu, ga nawa jininsu ya sauka, ga nawa suka daina shan magani saboda kuɗi.

Mu na waje kuma, da mu da ƙungiyoyinmu irin su MANSAG ta likitocin Najeriya a Birtaniya, rabonmu a bayyane yake. Maimakon zuwan Disamba da katan-katan na magani da mai ɗaukar hoto, mu ɗauki nauyin na'urar awo da batirinta, da maganin wata goma sha biyu, da ɗan alawus ɗin ma'aikaciyar lafiyar da za ta riƙe littafin. In an raba tsakanin mutum goma, bai kai abin da ɗayanmu ke kashewa a tikitin jirgi ba.