Wanda ya ce "ban gane ba" ya fi mai ƙaryar ganewa karatu

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke yi idan mun ci karo da gajeren labari irin mai murɗiyar nan, wanda za ka shiga ta ƙofa ɗaya ka rasa ta inda za ka fita. Kwanaki a majalisarmu bayan Isha'i na karanta wa abokaina biyu wani labarin Jorge Luis Borges, ina karantawa ina juya musu da Hausa, da na kai ƙarshe ɗaya ya ce "to shi ke nan? ina labarin yake?" ɗayan kuma ya gyara zama ya hau jero mana sunayen masana falsafa wai shi ya gane komai tun layin farko. Wallahi na farkon ne ya fi burge ni.

Ga wanda bai san shi ba, Borges mutumin Ajantina ne, an haife shi a Buenos Aires a 1899 ya rasu a 1986, da Sifaniyanci yake rubutu, kuma duk tsawon ransa bai taɓa rubuta dogon ƙagaggen labari ba, gajeru ne, wani shafi biyar wani goma. Wanda na karanta musu shi ne na ɗakin karatun Babila. Wai duniya gaba ɗaya ɗakin karatu ce, ɗakuna masu kusurwa shida a jere sama da ƙasa ba iyaka, kowane littafi shafi 410, an rubuta shi da alamomi 25 kacal, kuma duk wani jeri da waɗannan alamomin za su iya yi akwai shi a wani littafi a can. Ka ga kenan akwai littafin da ya faɗi gaskiyar yadda za ka mutu, akwai kuma dubbai da suka faɗi ƙarya a kai, sauran kusan duka shirme ne haruffa a cakuɗe. Mutanen ciki suna ta yawo har tsufa suna neman littafin da zai yi musu bayanin rayuwarsu. Ba jarumi, ba budurwa, ba mugu, ba a yi aure ba ba a kama kowa ba.

To abokina da ya ce ina labarin, ai gaskiyarsa ya faɗa. Mutum ne da ya taso da littattafan soyayya na Kano yana bin su ɗaya biyu uku don ya ga ko za a ɗaura auren nan ko uwar miji za ta hana, kuma wannan ba abin raini ba ne ko kaɗan, ni ma da su na koyi son karatu. An saba masa da labari mai riƙe maka hannu har ya kai ka gida, sai aka ba shi wanda ya kai shi tsakiyar kasuwa ya sake shi. Dole ya ji an yaudare shi. Amma aƙalla shi ya shiga, ya ji ɓatan a jikinsa. Ɗayan fa a bakin ƙofa ya tsaya da sunayen da ya haddace, kuma irinsa ne ke sa mutane su tsani irin wannan rubutu, su ɗauka na 'yan boko ne masu son a ce sun sani. Wannan yana ɓata mini rai sosai, domin ana korar mutane daga abin da zai iya yi musu daɗi.

Shi kansa Borges ɗin fa ya yi labari sukutum a kan rashin ganewa, kuma a kan mutumin da muka sani, Ibn Rushd na Ƙurɗuba, mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a zaurukanmu. A labarin yana zaune yana sharhin littafin Aristotal, masanin falsafar Girka, a kan waƙa, sai kalmomi biyu suka tsaya masa a wuya, kalmomin da ke nufin wasan kwaikwayo na baƙin ciki da na ban dariya, shi kuwa bai taɓa ganin dandalin wasa ba a rayuwarsa. Yana cikin wannan sai ya leƙa ƙasa ya ga yara suna wasa, ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya yana kwaikwayon ladan, na ƙasan shi ne hasumiya, na uku ya durƙusa shi ne masu sallah. Amsar da yake nema kenan a ƙarƙashin tagarsa, ya kalla ya koma kan littattafansa bai gane ba. Kuma a ƙarshe marubucin ya fito fili ya ce shi ma haka yake, yana ƙoƙarin hango Ibn Rushd da 'yan guntayen bayanai kamar yadda Ibn Rushd ke ƙoƙarin hango wasan da bai taɓa gani ba. Idan mai labarin da kansa ya amsa cewa bai kai ba, kai wane ne da za ka ce ka gama ganewa a zama ɗaya?

Wani ƙorafin da nake yawan ji shi ne wai labaran ba su da zuciya, ƙwaƙwalwa ce zalla, sanyi ƙalau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba, mata ba su da yawa a labaransa, soyayya ma haka, kuma wani lokaci zai cika ka da sunayen littattafan da shi ya ƙirƙire su har ka gaji. Amma a kan ɗakin karatun nan kam ban yarda ba. Borges ya yi shekaru yana ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin karatu na unguwa yana jera sunayen littattafai, cikin ƙunci, a lokacin ne ya rubuta labarin. Makanta kuma gado ce a gidansu, mahaifinsa ma ya rasa ido, ya san tana tafe. A 1955 da aka naɗa shi shugaban ɗakin karatu na ƙasa, idon ya riga ya tafi kusan duka, ga littattafai ko'ina ba ya iya karanta ko ɗaya. Ka sake karanta labarin mutanen da ke yawo cikin littattafan da ba za su iya amfana da su ba kana sane da wannan, ka faɗa mini ko babu zuciya a ciki. Shi dai ba ya kuka a gabanka ne kawai.

Sannan masu cewa wannan ba irin namu ba ne, haba dai. Mu da muka tashi da kacici-kacici, da tatsuniyar da ake ƙarewa da tambaya a ce to a cikinsu wa ya fi, a bar yara suna gardama har barci ya kwashe su. Mu da muke da Magana Jari Ce, aku yana ba da labari, a cikin labarin wani ya buɗe baki ya fara nasa. Dare Dubu da Ɗaya kuma ai ita ce Borges ya yi ta komawa gare ta tun yana yaro, har rubutu ya yi a kan masu fassara ta. Kunnenmu ya san labari cikin labari tun kafin mu shiga aji ɗaya, makaranta ce ta zo ta koya mana cewa duk labari sai an ciro darasi an rubuta a ƙasa don jarrabawa, shi ya sa yanzu in babu darasin sai mu ji kamar an cuce mu.

Ba cewa nake dole kowa ya so shi ba fa, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Roƙona kawai, idan ka karanta ka ruɗe kada ka ji kunya kada kuma ka yi wurgi da shi, ka ba shi kwana biyu, gajere ne, ka sake komawa.

Abokin nan nawa mai "ina labarin", bayan kusan mako guda muna wajen mai shayi ana hirar ƙwallo, sai kawai ya juyo ya ce mini, "Kai, wancan ɗakin karatun, ko da mutum ya yi sa'a ya ɗauko littafin da ya faɗi gaskiyar mutuwarsa, ta yaya zai san ba ɗaya daga cikin na ƙaryar ba ne?" Na ce ban sani ba. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi, can ya ce in turo masa na Ibn Rushd ɗin.