Gashin bakin Mario ba don ado ba ne

Wasu na ɗauka zanen fiksel, wato zane da ƙananan ɗigogi, a wasannin bidiyo abu ne mai sauƙi: ka zana mutum babba, ka ƙanƙance shi, shi ke nan. A'a. Sau da yawa ƙarancin ɗigogin ne ke haifar da kamannin gwarzon. A 1981, da Shigeru Miyamoto, mai tsara wasannin bidiyo ɗan Japan, ya zana gwarzon wasan Donkey Kong, wanda daga baya aka raɗa wa suna Mario, fuskar ta yi ƙanƙanta, baki ba zai fito sosai ba, sai ya liƙa masa gashin baki. Hular da ya sa masa kuwa ta hutar da shi motsa suma in an yi tsalle. Ya kuma bambanta launin riga da na wando mai igiya, don a ga hannuwa na lilo in yana gudu.