Kwazazzabo daga tudu yake farawa

Jama'ar Maradi, duk shekara idan ruwa ya ci hanya ko ya ɓalle bakin ƙorama, aikin da muke yi bai canza ba: a jera buhunan yashi, a cika ramin da shara, wani lokaci a dasa dogon yaro daidai gaɓa. Damina ta zagayo ruwa ya kwashe duka, domin muna tarar shi ne a inda ya riga ya yi ƙarfi. Tun ambaliyar 1945 da ta sa aka hau da gari daga kwarin Gulbi zuwa tudu, a kan yashi muke zaune, kuma duk ruwan da ƙasa ba ta sha ba gangara zai yi ya nemi Gulbi.

Ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 500,000 ne a kan hekta guda, wato ganga 2,500. Ko ya shiga ƙasa ko ya gudu, abin da ya tarar a saman ƙasar ne ke yanke wannan.

Idan ƙasa tsirara take, ɗigon ruwa yana dukan ta ya warwatsa ta, laushin ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Rana ta fito, saman ya yi ɓawo kamar daɓe. Ruwa na gaba ba ya tsayawa, sai ya kama hanyar shanu ko sawun amalanke ya fara yanka. Milimita ɗaya tak ta saman gona idan ta tafi, kusan tan 15 ne a hekta, kuma ita ce mai taki. Haka jigawa mai kyau ke komawa faƙo. Amma inda aka bar karan hatsi kwance, kara ne ke karɓar dukan, gara kuma ta shiga ƙarƙashinsa ta yi ta huda ɓawon. Ku ɗaga karan da ya kwana biyu a faƙo ku duba: ƙasar ta yi laushi, duk ramukan gara ne, ga yashin da iska ta tara a gefensa.

Shi ya sa sharar gona ƙal kafin ruwan fari take ci mini rai. A sare sabara da kalgo har ƙasa, a tara a cinna wuta, a bar fili fes a lokacin da hadari ya fi zuwa da iska da ƙarfi. Na san kara kuɗi ne, abincin dabba ne, makamashi ne, darni ne. Wanda ba zai iya barin duka ba, ya shimfiɗa abin da ya samu a wuraren da suka fara yin faƙo da saman gangare. Sassaben zamani kuwa a jihar nan ya fara tun 1983: a kowane kututture a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Ba sayen iri, ba ban ruwa, saiwar tana nan da ranta.

A gangare ciyawa ta fi icce aiki. Saiwar gamba cunkus take a saman ƙasa, daidai inda ruwa ke yanka. A dasa ta layi a gicciye, gindi kusa da gindi, tazarar bai wuce taƙi ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan layin da ido. Idan bai daidaita ba, ruwa ya bi shi ya taru wuri guda ya fasa, an haƙa sabon rami ke nan. A auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, don layin ya zama babu inda ya fi wani gangarowa. Haka rabin wata, wato ramin tare ruwa da ake haƙawa da siffar rabin wata: bakinsa ya kalli tudu, ƙasar da aka haƙo ta zama ganuwa ta wajen gangare, layi na biyu ya tare tsakanin na farko.

Kwazazzabo kuma baya-baya yake ci. Ruwa ya faɗo daga kansa ya rarake gindin, saman da ya jiƙe ya yi nauyi ya rufto. Babban icce a daidai baki ƙarin nauyi ne, iska ta kaɗa shi ya faɗi da gaɓar gaba ɗaya. A kwantar da bangon tukuna ya daina tsayuwa cak, a rufe shi da gamba ko jema, itatuwa su koma baya da ƴan mitoci. A cikin ramin a gitta dutse cikin ragar waya, tsakiyarsa ta fi gefuna ƙasa, a cusa gefunan cikin gaɓa, a shimfiɗa dutse inda ruwan zai zubo. In ba haka ba ruwa ya zagaye shi ko ya ci gindinsa.

Masu unguwanni da ofishin magajin gari su hana ɗiban yashi a gindin gaɓa, su kuma tsare dashen daga awaki har ya ga damina biyu.