Kamfani ne ya karya doka, me ya sa ma'aikaci ke tattara kaya?

A Birtaniya, duk kamfanin da zai ɗauko ma'aikaci daga waje sai ya karɓi lasisi daga Ma'aikatar Cikin Gida, da sharaɗin aikin ya zama na gaske, a biya albashin da aka rubuta, a kuma sanar da hukuma in wani abu ya canza. Tun ƙarshen Disamban 2024 ma an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin lasisin. Amurka kuwa ta wajabta wa wanda ya sallami mai bizar H-1B (bizar aiki ta ƙwararru 'yan ƙasar waje) kafin wa'adinsa ya biya masa kuɗin komawa gida.

Dokoki dai ga su nan. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka karya su. Gwamnatin Birtaniya ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disamban 2024 ta soke lasisi fiye da 470 a ɓangaren kula da tsofaffi da marasa lafiya, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. To wa ya fi jin jiki? Biza a ɗaure take da sunan wanda ya ɗauko ka. Da zarar lasisinsa ya faɗi, a ƙa'ida kwana 60 ake ba ka, ko ka sami wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar, alhali wataƙila bashin dillali na nan a wuyanka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya san ƙararsa za ta cinye bizarsa ba zai kai ƙara ba, ko da an zaftare masa albashi ko an riƙe masa fasfo.

Ƙasashen yankin Gulf sun daɗe da wannan ciwo a tsarin kafala, wanda ke ɗaure zaman ma'aikaci da kafili, wato wanda ya ɗauko shi. A 2020 Katar ta bar ma'aikaci ya canza aiki ba tare da izinin kafili ba. Saudiyya ta sassauta a 2021, sai dai gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba, su da suka fi kowa buƙatarsa.

Masu kamfanoni na cewa sun kashe kuɗi wajen ɗauko mutum, bai kamata ya gudu bayan wata biyu ba. Maganar na da ƙamshin gaskiya, amma albashi mai kyau da mutunci su ke zaunar da ma'aikaci.

A ganina, kafin a ba kamfani lasisi a sa ya ajiye kuɗin jingina da za a biya albashin da ya maƙale da tikitin jirgi in ya saɓa alkawari. Ma'aikacin da aka zalunta kuma a ba shi izinin yin aiki a ko'ina, kamar yadda Kanada ke yi tun 2019.